Kura da Shan Bugu: Saquon Barkley da Gajeren Zamanin Mai Gudu da Ƙwallo a Amurka

Ranar 7 ga Maris, 2023, shugabannin ƙungiyar Giants ta birnin Niyok suka yanke hukunci a kan 'yan wasansu biyu, dukansu haihuwar 1997. Daniel Jones, mai jefa ƙwallo, suka ba shi kwantiragin shekara huɗu a kan dala miliyan 160. Saquon Barkley kuwa, wanda ya ɗauki nauyin harin ƙungiyar a kakar da ta wuce har suka kai wasannin fid da gwani, suka riƙe shi na shekara ɗaya tak a kan dala miliyan 10 da 'yan kai, ba tare da an nemi yardarsa ba. Duk wanda ya kalli wasannin Giants na wannan kaka ya san wanene abokan hamayya ke kwana da tunaninsa a cikin biyun. Amma shugabannin ba su karya doka ba, kuma a lissafin kasuwarsu ba su yi wauta ba. Nan ne matsalar take. Mai gudu da ƙwallo a gasar ƙwallon Amurka ta NFL ɗan wasa ne da jikinsa ke ƙarewa da wuri, wannan ba wanda ya isa ya canza shi. Abin da mutane suka ƙulla da hannunsu shi ne tsarin da ya danne albashinsa daidai shekarun da yake kan ganiyarsa, sannan ya sake shi kasuwa a lokacin da masu saye suka fara duban gwiwarsa. Rayuwar Barkley a fili ta nuna yadda wannan ƙulli yake, ko da yake shi ya samu ya kuɓuce.

Kafin a shiga batun kuɗi, ya kamata mai karatu ya san aikin. Ƙwallon Amurka ba tamaula ba ce; da hannu ake yawancin wasan, kuma ƙwallon doguwa ce mai tsini a kai biyu. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare, filin kuma yadi 100 ne tsakanin gidajen ci biyu. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta matsa gaba da yadi goma. In ta yi, a sabunta mata damar, in ta kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Hanya biyu ce ake matsawa. Ko dai mai jifa, wanda shi ne jagoran hari, ya wurga wa masu cafka, ko kuma ya juya ya danƙa ta a cikin wani da ke tsaye bayansa, shi kuma ya rungume ta ya kutsa. Wannan na bayan shi ne mai gudu da ƙwallo. A gabansa akwai ƙarti biyar masu tare masa hanya, a gabansu kuma akwai mutum goma sha ɗaya da ba su da wani buri sai su kayar da shi. Kusan duk gudun da zai yi, a ƙasa yake ƙarewa, sau da yawa da mutum biyu ko uku a kansa, wasunsu sun haura kilo 130. Babban mai gudu yakan karɓi ƙwallo sau ashirin ko fiye a wasa ɗaya, sau ɗari uku a kaka. Idan ba shi aka ba ƙwallon ba, aikinsa ya tsaya ya tari wanda ya taho a guje zai hankaɗe mai jifa. Ba wani gurbi a filin da ke haɗa gudu mai tsanani da karo mai yawa kamar wannan.

An haifi Barkley ranar 9 ga Fabrairu, 1997, a unguwar Bronx ta Niyok, iyayensa suka koma da shi jihar Fensilbaniya yana ƙarami. Gidansu gidan dambe ne. Iran Barkley, tsohon zakaran damben duniya, ɗan'uwansu ne. Ya shiga jami'ar Penn State a 2015, ya yi kaka uku, ya tara yadi 3,843 na gudu. Waɗannan shekaru ukun ba zaɓinsa ba ne. Dokar NFL ta ce ba a ɗaukar yaro sai ya cika shekara uku da gama sakandare. Ga mai jifa, wannan jira alheri ne, domin aikinsa na karatun fili ne, kuma yana ƙara nuna da shekaru. Ga mai gudu kuwa, duk karon da ya sha a jami'a an cire shi ne daga ɗan abin da jikinsa zai iya ɗauka a tsawon rayuwar wasansa. A zamanin Barkley, ban da kuɗin makaranta da na zaman ɗalibi, ba a yarda ɗan wasan jami'a ya sami kuɗi da sunansa ba, alhali filin Penn State yana cin mutum fiye da dubu ɗari kuma yana cika. Sai a watan Yulin 2021 aka sassauta wannan. Wani mai gudu, Maurice Clarett na jami'ar Ohio State, ya taɓa kai ƙarar dokar shekara ukun a 2003. Ya yi nasara a kotun farko, kotun ɗaukaka ƙara ta soke, da hujjar cewa sharaɗi ne da ke ƙarƙashin yarjejeniyar ƙwadago tsakanin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa. Sonia Sotomayor ce ta rubuta hukuncin, kafin ta zama alƙaliyar Kotun Ƙoli.

A zaɓen sababbin 'yan wasa na 2018, inda ƙungiyoyi 32 ke ɗauka bi da bi, wadda ta fi shan kashi a bara ita ce farko, Giants suka ɗauki Barkley a matsayi na biyu. Bai ba su kunya ba. A kakarsa ta farko ya yi gudun yadi 1,307, ya cafke ƙwallo 91, jimillar abin da ya matsar da ƙungiyarsa ya kai yadi 2,028, aka ba shi kyautar sabon ɗan wasan hari na shekara. Yaro ɗan shekara 21 ya riga ya shiga sahun biyu ko uku mafiya ƙwarewa a duniya a gurbinsa. Da kasuwa a buɗe take, a ranar zai sa wa kansa farashi. Sai dai tun 2011 ba haka abin yake ba. Bayan da Rams suka ba Sam Bradford kwantiragin dala miliyan 78 a 2010 tun bai buga wasa ko ɗaya ba, masu ƙungiyoyi da ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasa suka amince a ƙayyade albashin sababbi. Duk wanda aka zaɓa, shekara huɗu zai sa wa hannu, kuɗin kuma lambar da aka ɗauke shi ce ke yanke shi. Ba a sake ciniki sai bayan kaka uku. Wanda aka ɗauka a zagayen farko, ƙungiya na da ikon ƙara masa shekara ta biyar. Bayan nan kuma akwai tambarin riƙewa, wato ikon da kowace ƙungiya ke da shi na hana ɗan wasa ɗaya fita kasuwa, ta biya shi albashin shekara guda da aka lissafa daga na manyan masu albashi a gurbinsa. A haɗa duka, yaron da ya shigo yana 21 zai iya kai 27 bai taɓa jin tayin wata ƙungiya ba.

Ga mai jifa, shekara 27 farkon cin kasuwa ne. Tom Brady ya yi wasa har yana 45. Ga mai gudu, ita ce shekarar da ake fara yi masa kallon tsoho. Doka ɗaya ce aka shimfiɗa wa kowa, amma ba jiki ɗaya ta tarar ba.

Abin da ake tsoro ya sami Barkley a kakarsa ta uku, daf da lokacin da doka za ta ba shi damar sabon ciniki. Ranar 20 ga Satumba, 2020, a birnin Shikago, ya karɓi ƙwallo ya nufi gefen fili, wani mai tsaron baya na Bears, Eddie Jackson, ya cim masa ya kayar da shi. Ba wani mummunan karo ba ne, irin wanda yake sha sau ashirin kowace Lahadi ne. Amma ƙafar dama ta kafe a ƙasa jikin ya juya, ya kwanta yana dafe da gwiwa, sai da aka kama shi aka fitar. Jijiyar da ke riƙe tsakiyar gwiwa ce ta tsinke. Aka yi masa tiyata, kaka ta tafi. Da ya dawo a 2021, yadi 593 kawai ya iya yi, mutane suka fara cewa ya ƙare. A 2022 ya tashi da yadi 1,312, ya ja Giants zuwa wasannin fid da gwani karon farko tun kakar 2016. Ladan da ya samu shi ne tambarin nan na dala miliyan 10.

Lambobin shekarar 2023 sun isa hujja. A 2017 tambarin mai gudu ya kai dala miliyan 12.1, a lokacin da iyakar abin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi take dala miliyan 167. A 2023 iyakar ta hau zuwa miliyan 224.8, amma tambarin mai gudu ya sauka zuwa miliyan 10.1. Na mai jifa ya haura miliyan 32, na mai cafka ya kusa 20. Tunda daga albashin manyan gurbin ake lissafa tambarin, duk lokacin da aka ƙi biyan babban mai gudu, farashin riƙe na bayansa ya ƙara sauka, wanda kuma ke ƙara wa ƙungiyoyi kwaɗayin riƙewa maimakon biya. Josh Jacobs na Raiders, wanda ya fi kowa gudu a 2022 da yadi 1,653, shi ma tambari aka manna masa. Vikings suka sallami Dalvin Cook yana 27, bayan kaka huɗu a jere yana haura yadi dubu. A watan Yulin 2023 manyan masu gudu suka yi taro ta intanet don su ga mafita, suka tashi ba su da abin yi, domin yarjejeniyar ƙwadagon da ke kansu sai bayan kakar 2030 za ta ƙare. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Masu kare ƙungiyoyi suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa wasan ya koma na jifa, dokoki sun ƙara kare mai jifa da masu cafka, kuma matsakaicin jifa ya fi matsakaicin gudu kawo yadi. Suna cewa nasarar mai gudu ta fi rataya a kan ƙartin da ke buɗe masa hanya fiye da ƙafafunsa. Suna nuna Todd Gurley, wanda Rams suka ba kwantiragin kusan dala miliyan 60 a 2018 bayan ya zama gwarzon hari na shekara, gwiwarsa ta ci amanarsa, suka sallame shi a Maris 2020, ya buga wasansa na ƙarshe yana 26. Suna nuna Le'Veon Bell, wanda ya ƙi tambarin dala miliyan 14.5 ya zauna a gida kakar 2018 gaba ɗaya, da ya dawo bai sake zama Bell ɗin da aka sani ba. Sannan suna nuna Isiah Pacheco, wanda Kansas City suka tsinta a zagaye na bakwai a 2022, ana biyansa ƙasa da dala miliyan ɗaya, ya kuma ci musu ƙwallo a wasan ƙarshe na Super Bowl suka ɗauki kofi. Me zai sa a biya miliyan goma sha biyar, in ji su, ga abin da za a samu a miliyan ɗaya? Duk wannan gaskiya ne, kuma manajan da ya ƙi biyan mai gudu ɗan shekara 27 ba azzalumi ba ne. Ma'aikaci ne da ke lissafi a cikin iyakar da aka gindaya masa. Amma a duba abin da hujjar take tabbatarwa. Idan Pacheco zai iya yin aikin da ya kai ƙungiya ga kofi, to aikin Pacheco ya fi miliyan ɗaya daraja, dokar ce ta hana shi karɓa. Arhar da ake taƙama da ita ba kasuwa ce ta kawo ta ba, sa hannu aka yi aka ƙayyade ta. Labarin Gurley ma abin da yake nunawa shi ne kuɗin sun zo a makare: kakarsa mafi kyau, ta 2017, a kan albashin sabon shiga ya yi ta. Ƙungiyoyi sun gane cewa shekaru huɗu ko biyar na farko su ne tsokar, don haka suna cinye su a farashin da aka ƙayyade, su ɗauko wani yaron. Mai hankali ba zai zarge su da amfani da dama ba. Zarginsa zai tafi ga wanda ya tsara damar.

Akwai kuma mai cewa, ina ruwan talaka da kukan wanda ya karɓi dala miliyan 31 a kwantiraginsa na farko? Barkley kam ba abin tausayi ba ne, kuma ba don shi ake wannan magana ba. Shi na biyu aka ɗauka, kuɗinsa duka tabbatattu ne. Yawancin masu gudu a zagaye na huɗu zuwa na bakwai ake ɗaukarsu, wasu ma ba a zaɓe su ba, kuma mafi yawan abin da ke rubuce a takardarsu ba tabbatacce ba ne: ranar da aka sallame ka, ranar albashi ya tsaya. Da yawansu ba sa ganin kwantiragi na biyu. Suna fita suna da shekara 25 ko 26, da gwiwa da kafaɗar ɗan hamsin, wani lokaci da abin da ya fi haka muni. Likitan nan ɗan Najeriya, Bennet Omalu, shi ne ya binciki ƙwaƙwalwar tsohon ɗan wasa Mike Webster a birnin Pittsburgh a 2002, ya gano cutar lalacewar ƙwaƙwalwa da yawan buguwar kai ke jawowa. A 2017 masu bincike na jami'ar Boston suka sami alamunta a ƙwaƙwalwa 110 cikin 111 na tsofaffin 'yan NFL da suka duba. Iyalan da suka ga alamun ciwo ne suka fi ba da gawarwakin, don haka ba za a ce haka adadin yake ga kowa ba, amma ba mai musun cewa haɗarin na gaske ne. Wanda ya fi kowa shan karo, shi ne kuma wanda tsarin ya fi taƙaita wa lokacin karɓar hakkinsa. Jay Ajayi, mai gudu wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya ɗauki kofi da Eagles a Fabrairun 2018, jijiyar gwiwarsa ta tsinke a Oktoba, a shekarar da kwantiraginsa na farko zai ƙare. Babban kuɗin bai taɓa zuwa ba.

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan ra'ayi ita ce abin da ya biyo baya a rayuwar Barkley kansa. A Maris 2024 Giants suka bar shi ya tafi, Eagles ta Filadelfiya, abokan gabarsu na kusa, suka ɗauke shi shekara uku a kan dala miliyan 37.75. Abin da ya yi a wannan kaka sai wanda ya gani. A wasansu da Jacksonville ranar 3 ga Nuwamba, ya cafke ƙwallo a gefe, ya kauce wa mutum ɗaya, ya juya ya zille wa na biyu, sai ya tsinci kansa ya ba na uku baya, shi kuma ya sunkuyo zai kwashe masa ƙafafu. Barkley bai juyo ba. Ya buɗe ƙafafu ya daka tsalle da baya, mutumin ya wuce ta ƙarƙashinsa, 'yan benci suka kama kai. Ya gama kakar da yadi 2,005 a wasa 16, mutum na tara a tarihi da ya haura dubu biyu. Saura yadi 101 ya karya tarihin Eric Dickerson na 1984, kocinsa ya hutar da shi a wasan ƙarshe don a tanadi jikinsa. Ranar 9 ga Fabrairu, 2025, ranar da ya cika 28, Eagles suka doke Kansas City da 40 da 22 suka ɗauki kofi, shi kuma jimillar gudunsa har da wasannin fid da gwani ta kai yadi 2,504, abin da ba a taɓa yi ba. Wata guda bayan haka aka ƙara masa shekara biyu a kan dala miliyan 41.2, mai gudu na farko da ya haura miliyan 20 a shekara. Giants kuwa wasa uku suka ci a cikin 17, kuma tun Nuwamba suka rabu da Daniel Jones. A kakar nan dai Derrick Henry, yana da shekara 30, ya yi yadi 1,921 a Baltimore. To, ba ga shi kasuwa ta gyara kanta ba?

Ba ta gyara ba. Na farko, kakar Barkley ta ƙarfafa hujjar ƙungiyoyin ne ta wani gefen: a shekararsa ta ƙarshe a Giants, kowane gudu yadi 3.9 yake kawo masa, a Eagles ya koma 5.8, kuma ba sababbin ƙafafu ya saya ba, ƙartin gabansa ne suka canza, irin su Lane Johnson da Jordan Mailata. Ƙungiyar da ta riga ta haɗa komai ce za ta ci ribar biyan irinsa, kuma irin waɗannan ƙungiyoyi ba su da yawa. Na biyu, a duba abin da sai da ya haɗu kafin ya kai ga wannan kuɗi: baiwar da ba a samu sai jefi-jefi, gwiwar da ta warke sarai bayan tiyata, kaka shida na jira, sannan kaka mafi girma a tarihin gurbin. Duk da haka miliyan 20 ɗinsa rabin abin da Ja'Marr Chase mai cafka ya samu ne a watan da aka ƙara wa Barkley, kashi ɗaya cikin uku na miliyan 60 da Dak Prescott mai jifa ke karɓa. Ba a auna adalcin tsari da mutum ɗaya da ya tsallake; a kan kowane Barkley akwai Gurley da Ajayi da wasu da yawa da ko sunansu ba a riƙe ba.

Gyaran ba ya buƙatar a tilasta wa kowa biyan tsohon ɗan wasa abin da bai kai ba. Lokacin biyan ne za a matso da shi. A bar mai gudu ya sake ciniki bayan kaka biyu maimakon uku, ko a rage kwantiraginsa na farko zuwa shekara uku, a kuma cire gurbinsa daga tambarin riƙewa. In hakan ya yi wuya, akwai asusun da gasar ke raba wa masu ƙaramin albashi gwargwadon yawan wasan da suka buga; ana iya faɗaɗa shi ya riƙa lissafa yawan ɗaukar ƙwallo, ta yadda yaron da aka ba ta sau ɗari uku zai ga kuɗinsa a shekarar da ya sha bugun. Cikas ɗin yana cikin ƙungiyar ƙwadagon kanta. Masu gudu 'yan tsiraru ne a cikinta, duk abin da aka ƙara musu daga rabon wani gurbin zai fito, kuma waɗanda dokar sababbi ta fi shafa suna makaranta a lokacin da ake jefa ƙuri'a. Ashton Jeanty na cikinsu. A kakarsa ta ƙarshe a jami'ar Boise State, a 2024, ya ɗauki ƙwallo sau 374 ya yi yadi 2,601, Raiders suka ɗauke shi na shida a 2025 yana da shekara 21. In suka yi amfani da shekara ta biyar, kwantiraginsa zai kai ƙarshen kakar 2029, suna kuma iya manna masa tambari a 2030, shekarar da zai cika 27.